Malamin Jinga da Haƙƙin Buɗa Baki

Ƴan uwa ɗalibai, ga tambayar da nake so mu juya tare: mutumin da ake iya raba shi da aikinsa ba tare da an kore shi ba, yana da ƴancin magana kuwa? Ina nufin malaman nan da muke kira bakatar, da ƴan uwansu ƴan kwantaragi, waɗanda ke tsaye gabanmu a amfi da azuzuwan TD, suna koyarwa, suna tsaron jarrabawa, suna gyaran takardu ɗari-ɗari, amma sunansu ba ya cikin jerin ma'aikatan dindindin na jami'a. Dukkanmu mun san su. Da yawa daga cikinmu ma, in Allah ya sa mun kai mastar ko doktora, ta wannan ƙofa za mu fara shiga aiki. Saboda haka maganar tamu ce tun yanzu.

Ni kimiyyar harshe nake karatu, to bari in fara daga kalma. Bakatar daga Faransanci muka aro ta, kuma asalinta wata kalmar Latin ce mai ma'anar zama wofi, wato wurin da babu kowa. Daga tushen nan ne kalmar bakans ta fito, hutun da muke ɗoki kowace shekara. Abin dariya, abin tausayi: bakatar da bakans uwarsu ɗaya, amma bakatar shi ne malamin da ba ya samun ko dala a lokacin bakans. Awa-awa ake lissafa masa. Awar da ya shiga aji a rubuta, awar da ya yi zazzaɓi ko aka yi yajin aiki ta tafi ke nan.

Hausa ba ta rasa kalmomin aiki ba, kuma kowace kalma da alkawarin da take ɗauke da shi. Ɗan ƙwadago ya yi noma daga safe zuwa azahar, kafin rana ta faɗi kuɗinsa na hannunsa. Mai jinga an yi ciniki da shi a kan aiki guda, ya san farko ya san ƙarshe, ya gama a sallame shi. Bara yana ƙarƙashin ubangida, ba shi da ta cewa sosai, amma ci da sha da sutura da magani suna wuyan ubangidan, har aure akan yi masa. Mai albashi kuwa wata ya ƙare a biya shi, ya tsufa ya ci fansho. To a wace kalma za mu saka bakatar? Lissafinsa irin na ɗan ƙwadago ne, sai dai rana takan faɗi sau ɗari ko fiye kafin kuɗin su fito. Biyayyarsa irin ta bara ce, amma babu ubangidan da ya ɗauki nauyinsa. Daga kowane tsari an ɗebo abin da ke amfanar mai ba da aiki, an bar abin da ke kare mai yin sa. Na kira shi malamin jinga a kan takardar nan don dai ban sami kalmar da ta fi kusa ba, amma ko mai jinga ya fi shi sanin inda ya dosa.

Yaya aka yi muka zo nan? Shekaru da dama Jami'ar Abdou Moumouni ta Yamai ce kaɗai jami'ar gwamnati a ƙasar. A 2010 aka kafa na Maraɗi da Damagaram da Tawa, a 2014 aka ƙara na Agadas da Diffa da Dosso da Tillaberi. Wannan abin alheri ne, ɗan talakan da ba zai iya zaman Yamai ba ya samu karatu kusa da gida. Amma gina aji ya fi samar da malami sauƙi. Malamin dindindin sai da doktora, sai kuma gwamnati ta buɗe gurbi ta sa kuɗinsa a kasafi. Masu bak suna ƙaruwa kowace shekara, gurabe ba sa ƙaruwa da wannan sauri, tsarin LMD kuma ya yawaita darussa da jarrabawa. Ramin da ya rage tsakani, bakatar ne ke cike shi.

A nan dole in raba biyu, don kada a yi kuɗin goro. Akwai alƙali ko likita ko injiniya mai aikinsa da albashinsa, wanda ke zuwa ya ba da awa kaɗan a mako don ɗalibai su ji daga bakin mai sana'a. Wannan shi ne ainihin abin da aka ƙirƙiri tsarin dominsa, kuma ba ni da ja a kai. Akwai kuma matashin da ya gama mastar ko yake rubuta doktora, ko ma ya gama ta, ba shi da wani aiki sai wannan, shekara biyar, shekara bakwai, darasi ɗaya yake koyarwa a sashe ɗaya. Aikin na dindindin ne, tunda ɗalibai ba sa ƙarewa. Mutumin ne kawai aka mayar na wucin gadi. A kansa nake magana.

A takarda, yana da haƙƙin shiga sandika. Yarjejeniya mai lamba 87 ta Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya, wadda aka yi a 1948, ta ba kowane ma'aikaci damar kafa ƙungiya ko shiga wadda ya so, ba ta ware na dindindin da na wucin gadi ba. Mai lamba 98 ta 1949 ta hana a cutar da ma'aikaci don ya shiga ƙungiya. Nijar ta amince da duka biyun tun farkon samun ƴancin kai. To mene ne matsalar?

Matsalar tana cikin nahawu, wallahi. Jimlar da ke cewa abu bai faru ba, irin "bai zo ba" ko "ba a yi ba", malaman nahawun Hausa suna kiranta korewa. Malamin dindindin in za a raba shi da aiki, sai an kore shi, kuma kora aiki ce: akwai takarda, akwai sa hannu, akwai dalili, akwai wanda za a iya kai ƙara. Bakatar ba ya buƙatar kora, korewa ta ishe shi. "Ba a kira shi ba bana." "Ba a sabunta ba." "Ba a samu awa ba." Duba jimlolin nan da kyau. Babu aikin da aka yi, kuma ƙaramar "a" ɗin nan ta ɓoye mai aikin. Wa za ka kai gaban sufeton aiki a kan abin da ba a yi ba, wanda kuma ba wanda ya yi? Dokar da ke hana kora ba ta da hannun kama korewa. Shi ya sa nake cewa haƙƙin sandika ba tare da tabbacin aiki ba kamar a ba gurgu filin tsere ne.

Ƙari a kan haka, wanda ke raba awoyi a sashe sau da yawa shi ne mai duba littafin doktorarka, kuma yana iya zama cikin waɗanda za su tantance takardunka ranar da aka buɗe gurbi. Ban ce mugu ne ba. Na san manyan malamai da ke cire kuɗin aljihunsu su taimaki bakatar ɗinsu kafin biya ya fito. Amma alheri dabam, haƙƙi dabam. Wanda abincinsa da digirinsa da gobensa ke hannun mutum ɗaya, ko mutumin waliyyi ne, zai auna kowace kalma kafin ta fita. Bakin da ya ci shi ke godiya, in ji Hausawa. Mu ƙara da cewa bakin da ke jiran ci shi ma shiru yake yi.

Na san abin da za a ce, kuma ba duka ne shirme ba. Za a ce ƙasa ba ta da kuɗi, ga tsaro, ga yunwa, ga burs ɗinmu ma da ke makara. Gaskiya ne. Amma talauci dalili ne na biya kaɗan, bai zama dalilin ƙin rubuta yarjejeniya ba, ko ƙin faɗa wa mutum ranar biya, ko ƙin ba shi dalili in an ajiye shi. Waɗannan takarda da biro kawai suke ci. Za a kuma ce tabbacin aiki yana kawo lalaci, a nuna mana malamin dindindin da ke tara darasin samestir guda ya zuba mana cikin kwana huɗu don yana da wata harka a wani gari. Mun gani, ba mu musa ba. Sai dai maganin wannan shi ne a duba aikin kowa a fili, bisa ƙa'idar da kowa ya sani. Tsoro yana sa mutum ya zo aji a kan lokaci, amma ba ya sa shi faɗin gaskiya, kuma jami'a ba ta da wata haja da ta wuce gaskiya. Shawarar da UNESCO ta fitar a 1997 kan matsayin malaman manyan makarantu ta ɗaure tabbacin aiki da ƴancin koyarwa da bincike wuri ɗaya, kuma ta nemi a biya masu aikin ɗan lokaci daidai gwargwadon abin da ake biyan sauran. Waɗanda suka rubuta ta sun gane cewa malamin da ke tsoron shekara mai zuwa ba zai taɓa batun da zai ɓata wa manya rai ba.

Wani zai ce ai ga SNECS, sandikar malamai masu bincike, ta isa. Lalle ta yi gwagwarmaya, har a kan yadda ake samun shugabannin jami'o'i ta yi yajin aiki. Amma ƙarfinta daga masu matsayi yake, waɗanda ke hawa matakan hukumar CAMES ta Wagadugu daga mataki zuwa mataki har farfesa. Bakatar ko ƙafar tsanin bai taka ba. Ranar da aka yi yajin aiki, mai albashi yana da ƙungiyar da za ta yi ciniki a kan abin da aka yanke masa, bakatar kuwa awoyinsa sun zube, kuma in an daidaita ba lalle a ambaci sunansa ba. Ina ganin sandikar da ta bar na ƙasa da ita ba murya tana saran reshen da take zaune a kai, domin muddin akwai malami mai arha wanda ba ya iya cewa a'a, ba abin da zai matsa wa gwamnati ta buɗe sabon gurbi.

Ba sai mun je nesa neman misali ba. Tun ƙarshen shekarun 1990 aka fara ɗaukar malaman firamare a matsayin ƴan sa kai, daga baya ƴan kwantaragi, har suka zama su ne mafi yawa a azuzuwan ƙasar. Yawancinmu a hannunsu muka koyi karatu. Mun ga yadda mushe ke barin ƙauye ya tafi gari jiran pekil, aji ya zauna wofi. Mun kuma ga sun kafa sandikoki irin su SYNACEB suna neman lambar ma'aikaci, kuma dole aka zauna da su teburi ɗaya. Ashe ɗan kwantaragi yana iya haɗa kai. Bambancin shi ne su dubbai ne, ba a iya ƙin kiran su duka. Bakatar ƴan kaɗan ne a kowane sashe, kowa ya san fuskar kowa, wanda ya fara ɗaga hannu shi za a fara mantawa da shi.

Nan ne maganar ta dawo kanmu. Mu ɗalibai muna da USN, muna da tarihin da ya haɗa da jinin da aka zubar a gadar Kennedy ranar 9 ga Fabrairun 1990, kuma in mun fita, dubbai muke fita. Ka lura da abin mamaki: ɗan shekarar farko ya fi malamin da ke koya masa ƴancin cewa bai yarda ba. To me muke yi da wannan ƴanci? In bakatar suka gaji suka riƙe maki har sai an biya su, su muke zagi, mu ce sun yi garkuwa da mu. Zafinmu gaskiya ne, shekara tana tafiya, iyaye suna jira. Amma mu tambayi kanmu: wane makami aka bar musu ban da wannan? Wanda aka hana ƙungiya da teburin tattaunawa, abin da ke hannunsa zai riƙe, kuma abin da ke hannunsa makinmu ne. Wasunmu ma sun san raunin bakatar suna amfani da shi. Malamin da aji ya yi wa bore ba a kiransa baɗi, saboda haka akan matsa masa ya sassauta gyara. Makin da aka samu ta haka rance ne, ranar neman aiki za a biya shi.

Ba na cewa a mayar da kowane bakatar ma'aikacin dindindin gobe da safe, na san aljihun ƙasar. Abin da nake ganin adalci ya wajabta ba shi da yawa. A rubuta yarjejeniya kafin a shiga aji, da adadin awa da ranar biya. Wanda ya yi shekaru yana koyar da darasi ɗaya, in za a ajiye shi, a ba shi dalili a rubuce, da wurin da zai kai kuka. In an buɗe gurbi, shekarun da ya yi su shiga lissafi. A ba su wakili a majalisar fakilte, kuma su kafa ƙungiyarsu ko a buɗe musu ƙofar wadda ke akwai, ba tare da wanda ya jagoranta ya rasa awoyinsa ba.

Namu kason kuma mai sauƙi ne. Ranar da za a rubuta takardar koke-koke a babban taronmu, bayan burs da abinci da motoci da ɗakunan kwana, wani ya miƙe ya ce a ƙara layi ɗaya: a biya bakatar a kan lokaci, a ba su takarda. In kuma aka dawo daga bakans muka tarar malamin da ya koya mana da kyau bara ba ya nan, aka ce mana ba a kira shi ba, delege ya je ofishin sashe cikin ladabi ya tambaya: wa bai kira shi ba, kuma don me?