Matacce Mai Numfashi

Daga cikin mas'alolin da malaman Kirista suka daɗe suna bahasi a kansu, babu wadda ta fi ɗaure wa mai sauraro kai kamar cewar da suke yi mutum yana iya zama yana ci yana sha, yana fatauci, har unguwa ta shaide shi da kirki, alhali kuwa a wurin Ubangijinsa matacce ne. Hujjarsu ta faro tun daga Littafin Farawa, inda aka gargaɗi Adamu da mutuwa a ranar da ya ci daga itacen da aka hana shi. Ya ci ɗin, amma littafin da kansa ya ba shi shekara 930 a duniya, saboda haka masu tafsiri suka ce abin da ya mutu a ranar nan zumuncinsa ne da Mahaliccinsa, ta jiki kuwa daga baya ta riske shi.

A kan wannan Bulus ya gina maganarsa a sura ta 2 ta wasiƙarsa zuwa ga Afisawa, inda ya tuna musu cewa dā matattu ne cikin zunubansu, kuma Allah ne ya raya su tare da Almasihu bisa alherinsa, domin kada kowa ya sami abin fahariya. To, a nan ne gardama ta tashi, gama gawa ba ta yi wa kanta wanka. Pelagiyus, wani zahidi daga Birtaniya, da ya ga wannan aƙida tana iya zama mafakar malalata, sai ya ce ɗan Adam yana da ikon bin umarnin Allah da himmarsa. Agustin kuwa, bishop ɗin Hippo, garin da yau ake kira Annaba a Aljeriya, ya yi ta yi masa raddi har majalisar Kartaj ta 418 ta ɓata koyarwar Pelagiyus. Amma maganar ba ta kwanta ba, don ta sake tashi a majalisar Dort ta 1618 zuwa 1619 tsakanin mabiya Kalbin da na Arminiyus. Wanda ya karanta tauhidi zai tuna da saɓanin Jabariyya da Ƙadariyya, ko da yake Musulunci bai yarda da zunubin gado ba, tun da a wurinsa kowane jariri bisa fiɗira ake haihuwarsa.

Ikkilisiyoyin da ke yin baftisma ta nutsarwa suna nuna ma'anar wannan mutuwa da tashi a zahiri: fasto ya tsaya cikin ruwa har ƙugu, ya tallabi ƙeyar mai tuba, ya kwantar da shi har ruwa ya rufe fuskarsa, sa'an nan ya ɗago shi yana haki, jama'a na waƙa a bakin gaɓa. Binnewa ke nan da tashi, yadda sura ta 6 ta wasiƙar Romawa ta fassara.

Abin da nake gani ya karkace a zamaninmu shi ne yadda waɗansu suka mai da maya haihuwa, wato wannan tashi daga mutuwar zunubi, muƙami, suna ambaton ranar tubansu kamar ranar naɗin sarauta, suna duban sauran masu bi a wulaƙance, alhali koyarwar da suke tinƙaho da ita ita ce ta ce ba su suka ta da kansu ba. Bulus ma bai ɗauki al'amarin a gamamme ba, gama a sura ta 3 ta wasiƙar Kolosiyawa, mutanen da ya gama ce wa an tashe su, su ne dai ya umarta su kashe kwaɗayi, su bar fushi da ƙarya.