Shin Kuɗi Na Sayen Abin Da Ke Da Alfarma?

A garin Zuru ta Jihar Kabi akwai wani kurmi mai ruwa da ake kira Girmace, inda kadoji ke zaune tun kaka da kakanni. Masu bin addinin gargajiya daga cikin Dakarkari, watau Lelna, sun ɗauki wurin da alfarma, ba su taɓa kadojinsa. Baƙo kan yi mamaki, ya ce ina amfanin kadan da ba a jeme fatarsa ba? Amsarsa tana can nesa, a ƙasar Amurka.

Akwai wata kabila a can mai suna Lakota. Suna kiran duk abin da ya gagari hankali, ya kuma cancanci girmamawa, da suna "wakan", Babban Gaibu kuwa su ce "Wakan Tanka". Duwatsun Black Hills su ne wurinsu mafi tsarki. Gwamnatin Amurka ta yi musu alkawarin waɗannan duwatsu a 1868, amma da aka gano zinariya a ciki sai ta ƙwace su a 1877. A 1980 Kotun Ƙolin ƙasar ta tabbatar musu da diyyar da ta haura dala miliyan 100. Suka ƙi karɓa, alhali kuwa suna cikin matalautan ƙasar, domin a wurinsu karɓar kuɗin daidai yake da sayar da duwatsun.

Wannan ba baƙon abu ba ne ga Musulmi. A haramin Makka ba a farauta, ba a sare itace, wakafi kuma ba a sayar da shi. Bambancin shi ne, a Musulunci dutse ko kurmi ba shi da tsarki a karan kansa, Allah ne kaɗai ke keɓe wuri, kuma Shi kaɗai ake bauta wa. Saboda haka Musulmi ba zai yi yanka a Girmace ba, ko da kuwa kakansa ya yi.

To, amma ƙin bauta daban, wulaƙanci daban. Suratul An'am, aya ta 108, ta hana Musulmi zagin abin da wasu ke bauta wa, don kada su rama da zagin Allah bisa jahilci. A ƙasar Zuru kuwa, inda Musulmi da Kirista da ɗan gargajiya kan fito daga tsatso ɗaya, mai yi wa kurmin ɗan'uwansa ba'a ya toshe kunnen da zai saurari wa'azinsa.

Abin tsoro na gaskiya shi ne mutumin da ya sa wa kome farashi, wanda zai yanka filin maƙabarta ko na Idi ya sayar. Irin wannan ya dubi mutanen Lakota ya ji kunya. Allah Shi ne Mafi sani.