Baikonmu Domin Wa?

Ya ku 'yan'uwa, ga tambaya a gabanmu. In an ce mu yi baiko domin ekklesiyar da ba tamu ba, kamar ta 'yan Katolika, ko ya wajaba a kanmu? Wani zai ce, "Mu masu bi a Daudawa da Ƙanƙara da Sabuwa kaɗan ne. Tsoron 'yan bindiga ya raba mu da gonaki, rumbu ya yi ƙasa. Wa zai ɗauki tuwon 'ya'yansa ya kai wani gida?" Maganar nan da nauyi take, ba mu raina ta ba.

Amma mu tuna da wani labari. Cikin 1947, bayan Yaƙin Duniya na Biyu, wani fada ya fara roƙon mutanen Beljiyam abinci da tufafi domin Jamusawan da aka kora daga gidajensu. Jamusawa kuwa su ne suka mamaye Beljiyam jiya jiya. Duk da haka manoma suka bayar. Daga nan ƙungiya ta tsiro, wadda ta riƙa aika taimako ga masu bi a ƙasashen 'yan gurguzu. Ɗaya cikin ƙasashen nan, Albaniya, ta hana addini ɗungum cikin 1967, ta rufe majami'u da masallatai, sai 1990 aka sake yin sujada a fili. Da gudummawar waɗanda ba su taɓa ganinsu ba masu bi suka ta da majami'unsu.

Mu komo gida. Cikin 2023 aka kafa dayosis ta Katolika a Katsina, aka naɗa Gerald Mamman Musa, mutumin Malumfashi, bishop nata. Su ma kaɗan ne kamarmu. Kasuwa ɗaya muke ci, hanyar Funtuwa ɗaya muke bi da fargaba. Mai satar mutane kuwa ba ya tambayar ɗarika.

Ba mu ce bambancin koyarwa ya ƙare ba, ba mu kuwa ce a bar yara da yunwa ba. Amma ekklesiyoyin Makidoniya matalauta ne sa'ad da Manzo Bulus ya karɓi gudummawarsu domin Urushalima. Wanda ke jira sai ya wadata kafin ya bayar, ba zai taɓa bayarwa ba. Alheri danƙo ne, ba ya faɗuwa ƙasa banza.

Domin haka in kaka ta yi, bari kowane gida ya ware tiya guda ta dawa domin gidan da ba nasa ba. Ubangiji ya buɗe hannuwanmu. Amin.