Kada Ku Bar Ɗalibi Ya Yi Karatu Shi Kaɗai

Sannunku da aiki, ma'aikatan jami'o'in Amurka masu tsaya wa ɗalibai baƙaƙen fata! Sannu malama mai ba da shawara, wadda ba ta rufe ofis da wuri. Sannu mai kula da ɗakunan kwana. Sannu baba mai girki, da ke lura idan yaro ya kwana biyu bai zo cin abinci ba. Sannu ɗan aji huɗu da ke raba dare yana koya wa ɗan aji ɗaya lissafi. Ba a buga sunayenku a jarida, amma da hannunku ake yaye likitoci da injiniyoyi.

Wa ya ce wahalarku a banza take? Ku tambayi Uri Treisman, wanda ya koyar da lissafi a Jami'ar Kalifoniya ta Berkeley. A shekarun 1970 ya ga ɗalibai baƙaƙe masu ƙwazo suna faɗuwa a lissafi, sai ya bi diddigi. Ba lalaci ya tarar ba, ba kuma ƙarancin basira ba. Kowanne yana kulle kansa a ɗaki, yana fama shi kaɗai, alhali takwarorinsu 'yan asalin Sin suna zama rukuni-rukuni, wannan ya gyara wa wancan. Sai ya haɗa baƙaƙen ɗaliban a teburi ɗaya. Bai sassauta musu ba, tambayoyi masu tsauri ya ƙara musu, sakamako kuwa ya sauya. Ashe dai hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, ko a ajin lissafi!

Ku dubi kuma Jami'ar UMBC da ke kusa da Baltimore. Freeman Hrabowski yana ɗan shekara 12 aka tsare shi a Birmingham ta jihar Alabama, a 1963, saboda ya shiga zanga-zangar yara ta neman 'yanci. Shi ne a 1988 ya haɗa kai da attajiri Robert Meyerhoff da matarsa Jane suka kafa shirin Meyerhoff na tallafa wa ɗalibai a wannan jami'a. Da samari baƙaƙe 19 aka fara a 1989, shekara na zagayowa aka ɗauki mata, a 1996 aka buɗe wa kowace ƙabila. Kafin a fara zangon farko, sabbin ɗalibai sukan yi mako shida tare, su san juna, su san malamansu, su saba da karatun haɗin gwiwa. Daga nan akwai tallafin kuɗi, akwai mai sa ido kan makin kowa, akwai aikin bincike a lokacin hutu. Wanda ya yi tuntuɓe, kafin ya kai ƙasa an tare shi.

Me aka girba? Kizzmekia Corbett, wadda ta yi fice cikin masanan da suka samar da rigakafin korona na Moderna, a nan ta taso. Jerome Adams, babban likitan gwamnatin Amurka daga 2017 zuwa 2021, shi ma ɗan gidan ne. Jami'ar Penn State da ta North Carolina suka gani, suka kwaikwaya. Wa ya yi wannan aiki? Mutane irinku, masu haƙuri irin naku, masu kiran waya su ce, "Yau ban gan ka a aji ba, lafiya?"

Gaskiya ne hanya ta ƙara tsauri. A Yunin 2023 Kotun Ƙoli ta hana duba launin fata wajen ɗaukar ɗalibai, kuɗin makaranta kuma sai hawa yake yi. To amma wace kotu ce za ta hana ka sanin sunan ɗalibinka? Wace doka ce za ta hana ki ajiye kujera ga yarinyar da ba ta san kowa ba?

Kai kuma ɗanmu, da mahaifinka ya baro Kano ko Damagaram ko zangon Kumasi yana tuƙa tasi a Bronx, kada kunya ta kulle ka a ɗaki. Ka cancanci kujerar nan, da guminka ka same ta. Zauna a sahun gaba, ɗaga hannu ka yi tambaya, ƙwanƙwasa ƙofar malami. Nemi abokan karatu, baƙi da fari, Musulmi da Kirista, ku sa ranar haɗuwa tun wannan makon. Idan ka haye aji biyu, waiwayo ka jawo na bayanka!