ABIN DA KE ƘARƘASHIN BANGO

Ya kai ɗan'uwa, da ke 'yar'uwa, wannan 'yar takarda taku ce ku biyu. In ɗayanku ne kaɗai ya iya karatu, to, ya karanta wa ɗayan da dare, bayan an ci tuwo yara sun yi barci.

A gidan baba kuka yi aure. Aka ba ku ɗaki guda, kuna noma gandu, kuna ci daga rumbu ɗaya. Yanzu Allah ya ba ku 'ya'ya, ɗakin ya yi muku kaɗan. Ga kaka ta yi, gero ya shiga rumbu, sanyi ya fara sauka. Kullum da safe kuna ganin amalanke suna shigowa Birnin Lalle da laka, ana shanya bulo a rana layi layi. Sai zuciyarka ta ce maka, "Bana ni ma sai na yi nawa."

Wannan buri ne mai kyau. Tun a littafin Farawa 2:24 Allah ya shirya cewa in mutum ya yi aure zai tashi daga hannun iyayensa, shi da matarsa su zama abu guda. Amma kafin ka kira magini, ina so mu yi magana a kan abubuwan da masu wucewa ba za su gani ba. Za su ga bango, su ga ƙofa, su ga rufi. Abin da ke riƙe da bangon kuwa yana ƙasa, an binne shi.

KA ZAUNA KA YI LISSAFI

Ubangiji Yesu ya yi misali da mai gini a Luka 14:28-30. Mutumin ya sa harsashi, kuɗi suka ƙare, ya kasa gamawa, duk wanda ya wuce sai ya yi masa dariya. Ai ka san irin wannan kango. Bango ya kai kafaɗa, damuna biyu ta bi ta kansa, yanzu awaki ne ke kwana a ciki.

To, ka zauna ka ƙirga. Laka ba a saye, amma mai amalanke ba zai ɗauko maka kyauta ba. Ruwan kwaɓi fa? Ka san zurfin rijiyoyin ƙasar Dakoro, ka san wahalar guga a watan bazara. Ga kuɗin magini. Ga abincin masu gayya. Ga ƙofa da taga. Ga kuma babban abu, wato rufi. Azarar giginya ba a ƙasarmu take ba, daga nesa ake kawo ta, tana da tsada. Kwano da katako da siminti, ko na Malbaza ne ko na Najeriya, sai da kuɗi a hannu. Mutane da yawa sukan ƙirga kuɗin bango su manta da rufi, alhali rufin ne yake cinye aljihu.

Sa'an nan Shaiɗan yakan zo da shawara mai daɗi. Yakan ce, "Wane ya yi kwano, kai za ka yi jinka? Ka ba da gona jingina, baɗi ka fanshe ta." Ɗan'uwa, ka lura. Na taɓa zama a gidan wani mai bi wanda ya yi haka. Ɗaki biyu da kwano, yana walƙiya tun daga bakin gari. Damunar da ta biyo baya ba ta yi kyau ba, bai iya fansar gonar ba. Shekara uku yana ƙwadago a gonar da ubansa ya bar masa, yana noma wa wani. Daga baya ya tafi cin rani, matarsa ta zauna da yara huɗu a ƙarƙashin kwanon, babu hatsi. Ta ce mini da rana ɗakin zafi, da dare tunani.

Karin Magana 22:7 ya nuna mana mai cin bashi bawa ne a hannun wanda ya ba shi. Karin Magana 24:27 kuma ya sa gona a gaba, gini a baya. Manomi ne zai fi kowa gane wannan. Gona ita ce ke gina gida, gida ba ya haifar gona. In ƙarfinka na ɗaki guda ne bana, ka yi ɗaki guda da jinka mai kyau, ka kewaye da darni, ka ƙara wani baɗi. Ba wanda zai kai ka ƙara gaban sarki domin ɗakinka na jinka ne.

KADA KA YI SHAWARA KAI KAƊAI

Yanzu maganar uwargida. Wa zai ɗebo ruwan da magina za su sha? Wa zai tashi tun asuba ya yi daka domin furar masu gayya? In an gama, wa zai tara mata su yi daɓe? Sau da yawa ma akuyar da aka sayar aka sayi ƙofa tata ce, ko kuwa kuɗin asusun mata ne, irin na Mata Masu Dubara da aka fara a jihar Maradi a 1991. Duk da haka maigida yakan tsaya da magini su biyu, su ja layi a ƙasa, ba a tambaye ta kome ba. In baƙi sun zo kuma ya ce, "Ga gidan da na gina."

Wannan bai dace da mai bin Almasihu ba. Ka karanta Afisawa 5:25-33. An umarce ka ka ƙaunaci matarka kamar jikinka. Mutum yakan yanka wa jikinsa riga bai gwada ba? Ita ce za ta wuni a gidan, kai kana gona ko kasuwa. Ita ta san inda hayaƙin murhu zai bi, da inda za a ɗaure awaki, da inda rana take faɗuwa a kan turmi. Ka tambaye ta. Za ta tuna maka kada ƙofa ta dubi gabas, gama daga can hadari yake tasowa da iska da ƙura. Za ta ce a bar wurin da za a shuka bedi ko zogale.

Ke kuma 'yar'uwa, Karin Magana 14:1 yana magana a kanki. Mace tana iya gina gidanta, tana kuma iya rushe shi da hannunta. In kullum kina ce masa, "Dubi gidan wance," ke ce kike tura shi wurin mai jingina.

KA FITA DA ALBARKA

Fita daga gandu ba ƙaramin abu ba ne. Tsoho yana ganin hannu guda ya ragu a gona. Tsohuwa tana cewa suruka ce ta janye mata ɗa. Kada ka bari su ji labarin gininka a bakin rijiya. Ka je ka durƙusa, ka ce, "Baba, ga abin da nake so in yi, ina neman izini da albarka." Ka faɗa masa a fili kwanakin da za ka riƙa zuwa gonarsa, ka kuwa cika. Barin gidan uba bai soke dokar girmama uba da uwa ba, wadda take a Fitowa 20:12.

In filin baba ne ya yanka maka, a yi shi gaban 'yan'uwanka da maigari, a rubuta. Tun daga dokar karkara ta 1993 akwai kwamitocin filaye a Nijar masu ba da takardar shaida. Neman takarda ba rashin yarda da 'yan'uwa ba ne. Tsofaffi za su tafi, 'ya'yanka da 'ya'yan wanka ne za su rage, su kuwa ba su ji abin da aka faɗa ba.

Akwai kuma wani gwaji da zai zo maka ranar haƙa tushe. Wani dattijo, mai ƙaunarka ne ma, zai ja ka gefe ya ce, "Ɗana, ba a gini haka kawai. Ga wannan ka binne a kusurwa, a zuba jinin jan zakara, saboda iskoki da sammu." Me za ka ce? Jama'a suna kallo, matarka tana kallo, wataƙila kai ma akwai ɗan tsoro a ranka. Ba wanda zai gani in an rufe da ƙasa. Amma kai za ka sani, kowane dare za ka kwana a kansa. Ran da yaro ya yi zazzaɓi za ka yi tambaya a zuciyarka, wa ke tsaron gidan nan, Ubangiji ko abin da ke kusurwa? Kada ka zagi dattijon, kada ka yi masa ba'a. Ka gode masa, ka ce, "Baba, na riga na ba da gidan nan ga Mai tsaro." Zabura 127:1 tana koya mana cewa gini da tsaro duka aikin banza ne in babu hannun Ubangiji a ciki. Kolosiyawa 2:15 kuma ta shaida cewa a kan gicciye Almasihu ya riga ya ƙwace makaman ikokin duhu. Ka kira fasto ko dattijon ikkilisiya, ku tsaya a bakin ramin, kai da matarka, ku yi addu'a a gaban kowa.

KA HAƘA DA ZURFI

A damunar 2024 ruwa ya yi ɓarna a Nijar. Mutane fiye da 300 suka rasu, fiye da miliyan ɗaya suka shiga wahala, jihar Maradi kuwa tana cikin inda abin ya fi muni. Da yawa ɗaki ne ya faɗo musu. Kada wani ya ce zunubinsu ne ya fi namu, Ubangiji ya hana mu irin wannan magana a Luka 13:4-5. Amma magina sun san yadda bangon ƙasa yake faɗuwa. Ruwa yakan kwanta a gindinsa, gindin ya jiƙe ya zaizaye, saman kuwa yana nan da kyaunsa har daren da zai kife. Saboda haka kada ka yi gini a kwari ko a hanyar ruwa, ko da filin ya fi araha. Ka tambayi tsofaffi inda ruwa ya taɓa kwanciya. Ka ɗaga gindin bango, ka sa indararo mai tsawo, ka yi yaɓe kowace shekara kafin hadarin fari.

Yesu ya rufe koyarwarsa ta kan dutse da labarin magina biyu. Yana cikin Matiyu 7:24-27 da Luka 6:47-49. Ɗaya ya haƙa da zurfi har ya kai fa, ɗaya ya aza gininsa a kan rairayi. Za ka ce, "Mu nan ina muka ga fa? Duk ƙasarmu jigawa ce." Gaskiyarka. Amma ko a jigawa magini na kirki ba ya aza bulo a kan yashin sama, yakan haƙa sai ya taɓa ƙasa mai tauri. Aiki ne mai gajiyarwa, ba ya kuma burge kowa, gama da an gama sai a rufe shi.

Ka lura da abin da ya raba mutanen nan biyu. Dukansu sun ji maganar Yesu. In da a yau ne, dukansu suna zuwa majami'a ran Lahadi, suna da Littafi Mai Tsarki a aljihu. Ɗaya ya ji ya aikata, ɗaya ya ji ya tashi ya kaɗe rigarsa. A lokacin rani ba ka iya bambanta gidajensu.

Damuna kuwa tana zuwa wa kowane aure. Fari, ko ciwo, ko mutuwar ɗa, ko shekarun da babu haihuwa dangi suna matsa maka ka ƙara mace. Ranar ce za a san ko ka saba gafarta wa matarka, ko kun saba durƙusawa tare, ko gaskiya kake faɗa mata a kan kuɗi.

Tarihin Gobir ya ce bayan Gobirawa sun baro Abzin, a nan Birnin Lalle sarakunansu suka zauna, kafin su gangara kudu, daga baya su kafa Alƙalawa. Ɗakunan da sarakunan nan suka kwana a ciki na ƙasa ne kamar naka, sun kuwa koma ƙasa. Naka ma zai koma, kai ma za a fitar da kai ta ƙofar da ka saya. Ina za ka a ranar? Manzo Bulus ya faɗa a 1 Korantiyawa 3:11 cewa harsashi ɗaya ne aka riga aka kafa, shi ne Yesu Almasihu. Ya mutu saboda zunubanka, ya tashi a rana ta uku. In kai ɗan masu bi ne amma ba ka taɓa tuba da kanka ba, bangaskiyar ubanka ba za ta ɗauke ka ba, kamar yadda ɗakinsa bai ishe ka ba. Ka faɗa wa Ubangiji zunubanka yau, ka roƙe shi gafara, ka ba da kanka gare shi. Ya yi alkawari ba zai kori mai zuwa wurinsa ba (Yahaya 6:37).

Ran da za ku tare, ku dama fura da yawa. Ku kira baba da inna su fara shiga. Ku kira 'yan ikkilisiya, ku kira maƙwabta Musulmi da suka taya ku ɗaukar bulo, da dattijon nan mai jan zakara, kowa ya sha. In baƙi sun watse, kafin ku shimfiɗa tabarma, ku tara yara, ka buɗe Luka sura 6 daga aya 47, ka karanta, ita kuma ta yi addu'a.