Shin Rinjaye Shi Ne Gaskiya? Tunani Daga Bakin Iyakar Bagudo

Hausawa na cewa sarkin yawa ya fi sarkin ƙarfi. Karin maganar ya faɗi wanda zai yi nasara, amma bai ce shi ne mai gaskiya ba. Wannan giɓi shi ne abin dubawa duk lokacin da jama'a suka zauna zaɓen hidima ɗaya cikin hidimomi da yawa, alhali kuɗinsu ba ya isar biyu.

Ƙaramar hukumar Bagudo a Jihar Kebbi wuri ne da ya dace da wannan tambaya. Kogin Kwara ya ratsa ta, kuma garuruwanta irin su Lolo da Tsamiya suna bakin iyakar Jamhuriyar Benin. Manomin shinkafa da masunci da makiyayi da falke duk kasuwa ɗaya suke ci, amma buƙatunsu sun sha bamban. Mutanen yankin sun san ɗacin hukuncin da aka yanke ba da su ba. A watan Agustan 2019 gwamnatin tarayya ta rufe iyakokin tudu, a Nuwamba kuma aka hana kai man fetur gidajen mai da ke cikin kilomita 20 daga iyaka. Ko me za a ce game da dalilan matakin, waɗanda suka ɗauki nauyinsa ba sa zauren da aka yanke shi.

To, a ƙaddara wata ƙungiyar raya gari a yankin tana da zaɓi uku: injin cashin shinkafa, ko jirgin fito mai inji da rigunan ceto, ko motar kai marasa lafiya asibiti. A ƙaddara kuma mahalarta kashi uku ne masu yawa ɗaya. Manoma sun fi son inji, sai jirgi, sai mota. Fatake sun fi son jirgi, sai mota, sai inji. Mata sun fi son mota, sai inji, sai jirgi. In aka kara inji da jirgi, inji zai ci. Jirgi zai kayar da mota, mota kuma ta kayar da inji. Kowane zaɓi yana da rinjayen da ke ƙin sa. Masanin lissafin Faransa, Condorcet, ya bayyana wannan sarƙaƙiya a 1785, Kenneth Arrow na Amurka kuma ya faɗaɗa ta a 1951. Abin tsoro a nan shi ne, shugaban taron da ya tsara wanda za a fara karawa da wane, shi ya yi zaɓen a ɓoye, jama'a kuwa su tashi suna zaton su suka zaɓa.

Ashe ƙirga hannuwa kaɗai bai wadatar ba. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, a Kitabul Farƙi, ya lissafa shawara cikin ginshiƙan mulki biyar, tare da adalci. Shawara ta fi ƙuri'a faɗi, domin tana neman dalili kafin adadi. A ganina sharuɗɗa uku ke mayar da taro shawara. Na farko, a gayyato duk wanda hukuncin zai shafa, domin mai ɗaki shi ya san inda ke masa yoyo. Na biyu, kowa ya bayar da ra'ayinsa a asirce kafin manya su yi magana, saboda kunya ta sha rufe bakin mai gaskiya a gaban dattawa. Na uku, a amince da ma'auni tun kafin a ambaci zaɓuɓɓukan, kuma babban ma'auni shi ne: wace asara ce ba ta da gyara? Shinkafar da ba a cashe bana ba ana iya sayar da ita shanshera. Mai naƙudar da ta cika a hanya, ko yaron da kogi ya ci, ba mai dawo da su.

Wani zai ce wannan hanya tana ba mai kuka da ƙarfi damar danne masu yawa. Ƙorafin yana da nauyi, shi ya sa ake tsayar da ma'auni kafin kowa ya san inda ribarsa take. Bayan haka sai a kaɗa ƙuri'a, a kuma sa ranar da za a sake zama a duba ko zaɓin ya yi amfani. Manomin da injinsa ya faɗi a irin wannan taro zai koma gida da takaici, amma ya ji dalili, ya kuma san ranar da za a sake sauraronsa. Wannan shi ne haƙƙin da rinjaye ke bin marasa rinjaye bashinsa, a zauren unguwa ko a Abuja.