Mene Ne Kiɗa, Kuma Ina Yake Kai Mai Sauraro?

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jin ƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, Bahaushe ba shi da kalma guda wadda ta tattara abin da Larabawa suke kira musiƙa, kalmar da su ma suka aro daga Yunanawa. Shi dai ya rarraba abin kashi-kashi: akwai kiɗa, akwai busa, akwai waƙa. Kowane kiɗa kuwa da mai shi. Tambari da kakaki na sarki ne, kalangu na mahauta, gangar noma ta manoma. Wannan ya nuna cewa a wurinsa kiɗa kira ne, kuma kowane kira da wanda yake amsa shi.

Imamu Gazali, wanda ya rasu a 1111, ya keɓe wa saurare babi guda a cikin Ihya'u Ulumiddin. Ya siffanta shi da sauti mai daɗi, mai awo, mai motsa zuciya, ya ce ba ya zuba wa zuciya abin da babu a cikinta, sai dai ya tayar da abin da yake kwance. Ya kawo misalin raƙumi, wanda waƙar mai kora take mantar da shi nauyin kaya. To, in dabba ta motsu haka, ina ga ɗan Adam?

Wanda ya taɓa tsayawa a bakin Matan Fada ranar su a Argungu ya ga haka da idonsa. Makaɗa suna cikin jirage suna kiɗa, dubban masunta suna faɗawa ruwa da homa da gora, gajiya ba ta kama su. Bikin nan kuwa ya samo asali daga ziyarar Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu a 1934, wadda ta tabbatar da sulhu tsakanin Sakkwato da Kabi bayan doguwar gaba. Ganga ta taɓa kiran kakanni zuwa fagen daga, sai ga ta tana kiran jikoki zuwa zumunci. Fatar ba ta sāke ba, abin da ake kira zuwa gare shi ne ya sāke.

Malamai sun daɗe da saɓani a kan wannan mas'ala. Abdullahi ɗan Mas'udu ya fassara zancen shagala da aka zarga a cikin Suratu Luƙman da cewa waƙa ce. A wani ɓangaren kuma, Buhari ya ruwaito cewa Annabi, sallallahu alaihi wa sallama, ya bar 'yan mata biyu suna waƙa a ɗakin Nana A'isha ranar idi. Ko a ƙasar nan, Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya soki shagalar sarakunan Haɓe da kaɗe-kaɗe, daga baya ya sassauta a kan wasu, alhali ƙanensa Abdullahin Gwandu ya fi tsanantawa. Saɓanin bai raba su ba.

Amma akwai abin da ba su saɓa a kansa ba. Waƙar da ta ƙunshi batsa, ko zambon da yake keta mutuncin Musulmi, ko yabon da maroƙi yake ɗora wa azzalumi don kuɗi, babu malamin da ya halatta su. Haka nan kiɗan da ya shagaltar daga salla ko ya cutar da maƙwabci.

Saboda haka magidancin da zai aurar da 'yarsa a unguwar Nasarawa ta Birnin Kabi, kafin ya kira masu lasifika, ya kamata ya tuna da majiyyacin da yake bayan katangarsa, da ɗalibin da yake bitar karatu, da samarin da za su makara sallar asuba. Ya kuma saurari baitocin da za a rera, ya auna ko zai iya maimaita su a gaban mahaifinsa. In ba zai iya ba, to, bai dace 'ya'yansa su kwana suna amsa su ba.

Allah Shi ne Masani. Allah Ya tsare kunnuwan Musulmi da zukatansu, amin.